Yawon da Habibu Ya Kai Mu a Landan

Tun da muka dawo, duk zauren da na zauna a Shahuci sai an tambaye ni labarin Ingila. Wani ya ce wai da gaske jirgin ƙasa yana tafiya a cikin rami, wani ya ce ko mun ga Sarauniya a gidanta. Kowa ya san yadda tafiyar ta ƙare, tunda kun zo mana gaisuwar ƙanena Habibu, Allah ya ba ku lada. Na lura dai ana tambayar jirgi da Sarauniya ne don ana jin nauyin tambayar ɗaya abin. To bari in faɗe shi gaba ɗaya, da na jirgin da wanda ake jin nauyin, in huta.

Mahaifinmu Alhaji Mudi fataucin fatu da ƙiraga yake yi. Ni ne ɗan fari, Lawal, ina gama Midil ya cire ni na zama akawunsa, ɗan Turancin da nake ji ke nan. Habibu shi ne auta, kuma shi Allah ya ba ƙwaƙwalwa. Ya wuce kwaleji, daga nan hukuma ta tura shi Ingila karatun likita. Shekara shida ke nan ba mu sa shi a ido ba. Da farko takardarsa ba ta yankewa, har da hotuna. Daga baya sai ta koma jefi-jefi, layi uku huɗu, yana lafiya, karatu ya yi zafi, a gai da Inna.

A kakar shekarar da Sarauniya ta zo ƙasar nan, wani Bature da yake sayen jar fata a hannun Baba ya gayyace shi ya je ya ga inda kayansa suke ƙarewa. Baba ya ce zai je, ni zan yi masa tafinta, kuma da Inna za a tafi ta buɗe ido ta ga autanta. Maganar ta zaga unguwa, har wani amininsa ya zo takanas ya ce ba a taɓa kai matar aure ƙasar Nasara ba. Baba ya ce matar da ta je Makka ta dawo lafiya, birnin Landan ba zai cinye ta ba. Aka yi mana fasfo da allurar shawara. Inna kuwa ba ta damu da wannan ba, tana can cikin gida tana haɗa wa Auta guzuri: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, dakakken yaji, da dambun nama cike da kwalla, wanda ta hana kowa taɓawa sai ita da hannunta.

Jirgin daga Ikko ya taso ya biyo ta Kano, cike da Turawa masu tafiya hutu. Da ya ɗaga, Inna ta rufe ido tana jan carbi, ba ta buɗe ba sai da muka sauka a Tarabulus. Baba ya yi ta leƙen hamada ta taga yana cewa kakansa ya taɓa bin ayari ta nan, wata da watanni, ga shi mu muna wucewa a zaune. Da aka kawo abinci ya sa na tambayi baturiyar jirgi ko an yanka naman. Ta ce ai dole an yanka, in ba haka ba yaya za a dafa. Na rasa yadda zan fahimtar da ita, muka mayar da farantan muka ci goro. A Tarabulus muka rama sallolinmu a gefen fili, wasu Larabawa masu shara suka ba mu ruwa. Muka sake sauka a Rum, sannan Landan.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne kwastan. Ma'aikacin ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira ɗan'uwansa. Na ce ganye ne da 'ya'yan itace na miya, suka bar mana. Amma da ya buɗe kwallar dambu ya ji nama ne, ya ce doka ta hana, za a ƙona. Na roƙe shi, na ce uwa ce ta yi wa ɗanta, ya ce ya ji tausayi amma doka ce. Inna tana tsaye tana kallo aka juye dambun a wani bokiti aka miƙo mata kwallarta. Ta goge bakin kwallar da gefen mayafinta ta rungume.

Da muka fito, na wuce Habibu ban gane shi ba. Sai da wani dogon mutum cikin ƙatuwar kwat ya durƙusa a gaban Baba a kan jiƙaƙƙen daɓe, Turawa suna ratse shi suna waiwaye. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa. Ya ce karatu ne da rashin tuwo. Yana magana yana ɗan tari, ya ce mura ce, kowa yana yinta in sanyi ya shigo. Baba ya dafa kansa ya sa masa albarka. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Auta, ka ci abinci yau?" Ya yi dariya ya ce ya ci.

Masaukin da ya kama mana tun da wuri, da matar gidan ta buɗe ƙofa ta gan mu mu huɗu da manyan riguna, sai ta ce ɗakin ya riga ya shiga hannu. Habibu bai yi musu ba ko kaɗan, ya sunkuya ya ɗauki akwati kamar wanda ya saba. Muka yi ta yawo a mota cikin yayyafi har muka samu wurin wata tsohuwa da take zaune ita kaɗai da karenta, ɗanta guda ya mutu a yaƙi. Inna ta sa mata suna Mai Kare, don karen a kan kujera yake kwana, kuma da shi take hira.

Gidan da tsabta, amma sanyinsa ya fi na randa. A ɗaki akwai wani ɗan murhun gas da sai ka jefa masa sule yake kamawa, in ya cinye ya mutu. Ba buta, sai da na sayo wani ɗan tulun madara muka mayar da shi buta. Alƙibla kuwa, rana ba ta fitowa balle ka gane gabas, sai Habibu ya nuna mana kusurwar da ke bayan ƙofa. Abinci dankalin Turawa ne da kabeji, an dafa su a ruwa ba gishiri ba yaji. Muka tsaya a kan burodi da ƙwai da kifi da shayi. Abin da ya fi damun Baba shi ne rashin gaisuwa. Da safe ya fito ƙofar gida ya ɗaga wa maƙwabci hannu, mutumin ya dube shi ya shige ya rufe ƙofa. Baba ya ce a Kano ko akuyarka ce ta kwana a gidan mutum sai ka je ka ce an kwana lafiya.

Kwana biyu Baba ya gama da Baturensa, ya ga majemarsu da inda ake ɗinka safar hannu da fatar akuyarmu. Daga nan Habibu ya karɓe mu. Kullum da hantsi zai zo, ya riga ya tsara inda za mu, kafin magariba ya mayar da mu ya ce zai je ya yi karatu. Baba ya taho da alkyabba da tumtum na fata don babban malaminsu, ya ce a kai shi ya yi godiya. Habibu ya ce malamin ya yi tafiya. Washegari ya ce makaranta tana hutu. Baba ya ce to a ga ɗakinsa, ya ce da nisa, kuma ba a shiga da baƙi, a bari sai an gama ganin gari.

Jirgin cikin ramin gaskiya ne. Ana sauka wurinsa ta wata matakala mai tafiya da kanta. Ranar farko ta kama gefen babbar rigar Baba tana ja, sai da wani saurayi ya finciko ta, ta yage har gwiwa. Tun daga nan Inna ta ce ita ba ta hawa, sai matakalar Allah da Annabi. Da za mu fito, ni da Baba muka hau mai tafiyar, Habibu ya raka Inna ta ɗayar. Muna tsaye a sama suka iso. Tsohuwa mai jikoki ta fito tana gyara mayafi, saurayin da bai kai talatin ba ya jingina da bango yana haki, gumi a goshinsa cikin wannan sanyi. Na dubi Baba, ya kawar da kai yana duban rigarsa.

Mun je ƙofar fadar Sarauniya, ba mu gan ta ba, sai sojoji masu dogayen huluna na gashi. Baba ya yi wa ɗaya sallama, ko ƙifta ido bai yi ba. Mun ga babban agogon da muke jin bugunsa a rediyo, da kogin da ya raba garin, baƙi ƙirin, mai wari. A tsakanin manyan gine-gine akwai kangaye da bam ya rusa tun lokacin yaƙi, ciyawa ta fito a cikinsu, yara suna wasa. Mun je wata tsohuwar ganuwa a bakin kogi inda suke ajiye kambin sarauta, da wasu manyan hankaki baƙaƙe da aka yanke wa fiffike don kada su gudu. A nan aka nuna mana gatari da gungumen da ake sare kan manyan mutane a da. Baba ya ce abin mamaki, mu abin kunyar gida binne shi muke yi, su kuwa sun goge nasu sun sa a ɗaki ana biya a gani. Duk inda muka shiga Habibu yana bayani ba gargada, da muryarsa da ta dishe. Baba yana jin daɗi, yana cewa lalle yaron nan ya sha karatu.

Inda muka fi daɗewa shi ne babban gidan tarihinsu, mai ginshiƙai a gaba. Ba a biyan ko ahu, kuma da ɗumi a ciki. Girmansa ya kai unguwa guda. Akwai gumakan dutse masu kan mutum da jikin bijimi, da littattafan Larabci na zinariya, da tukwane da takubba na kowace ƙasa. Habibu bai taɓa duban allon nuni ba, ya san kowane lungu, har da ƙofar da take kai mutum bayan gida ba tare da zagaye ba. Ya kai mu ɗakin mutanen Misira, inda gawawwaki suke kwance a cikin gilashi, naɗe da tsumma. Akwai wani da ba a naɗe ba, ya bushe kamar kilishi, ya dunƙule da gwiwoyinsa a ƙirji, gashinsa yana nan. 'Yan makaranta sun kewaye shi suna dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya yi salati, ya ce ko wane ne wannan, ɗan wani ne, shin ƙasa ce ta ƙare musu da ba za su rufe shi ba.

A nan tari ya sarƙe Habibu. Ya ce mu zauna a kan wani benci da ke jikin bututun ɗumi, yana zuwa, ya fita da hankici a baki. Wani dattijon mai gadin ɗakin, wanda na ga sun ɗaga wa juna hannu da muka shigo, ya matso ya tambaye ni ko mu ne danginsa. Na ce ni wansa ne, ga iyayenmu. Ya ce ya ji daɗi ƙwarai da muka zo ɗaukarsa. Na ce ɗaukarsa kamar yaya. Sai ya ce ai wannan bencin da muke kai nasa ne, sanyi uku ke nan, daga an buɗe ƙofa har a rufe yana nan, wani lokaci da littafi, wani lokaci barci yake yi a zaune, su kuma ba sa tashinsa don ba ya damun kowa. Ya ce bara ya taɓa faɗuwa a nan, suka ce ya je asibiti ya ƙi. Ya faɗi wannan da fara'a, yana tsammanin duk mun sani.

Baba ya ce, "Me yake cewa?"

Tun da muka baro Kano ban taɓa rage masa kalma ba. Na ce, "Ya ce ya san Habibu, yana yawan zuwa nan."

Baba ya ce madalla, in gaya masa mun gode. Inna ba ta jin Turanci ko ɗaya, amma fuskata take kallo, ba bakin Baturen ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

Da muka fito kan matakalar waje, Habibu ya fara cewa gobe sai gidan namun daji, akwai giwa da zaki. Inna ta kama hannunsa na dama ta juya tafin. Duk ya faffashe, ya yi fari kamar na mai wanki. Ta sa ɗaya hannun a aljihun kwat ɗinsa ta zaro hankicin ta buɗe. Ban taɓa jin ta yanke magana a gaban Baba a waje ba sai ranar.

"Auta, mun ga gidan Sarauniya, mun ga gidan matattu. Saura naka. Yanzu za mu."

Ya dubi Baba, Baba yana kallon jinin da ke jikin hankicin. Sai Habibu ya wuce gaba muka bi shi.

Motar haya mai bene muka hau zuwa gabashin gari, wajen da jiragen ruwa suke tsayawa. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da takalman masu wucewa. Bango yana tsattsafo da ruwa, gado ɗaya, bargo ɗaya, tukunya ɗaya. Littattafai ba su fi uku ba, sauran an sayar. A jikin ƙusa ga farar rigar masu wanke kwanuka. Ba wurin zama sai gadon, Baba da Inna suka zauna, ni na tsaya a bakin ƙofa, shi ya durƙusa a ƙasa.

Ya ce a shekara ta uku ya faɗi jarrabawa. Ya sake, ya kuma faɗi, aka sallame shi, tallafin hukuma ya tsaya, aka ce ya koma gida. Ya haɗa kaya, sai ya tuna ranar da ya tafi, yadda unguwa ta raka shi har tasha, yadda tsofaffi suke cewa ga likitan Shahuci, yadda Baba ya yanka sa. Ya ce bari ya zauna ya yi aiki ya sake gwadawa a wata makarantar, in ya ci ba wanda zai sani. Ya samu wankin kwanuka a wani otal daga magariba. Da rana ɗakin ba ya zaunuwa don sanyi, shi ne yake tafiya gidan tarihi. Bai sake cin jarrabawar ba, tarin kuma ya shigo. Asibiti ya ƙi zuwa don kada a rubuta gida.

Na yi zaton Baba zai yi faɗa, don kun san shi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin bango. Da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Ashe tsorona ya fi tsoron mutuwa a wurinka. Ni na yi wannan, ba kai ba."

Habibu ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka, kukan ya koma tari. Inna ta tashi ta naɗe bargon, ta sa tukunyar a ciki, ta ce mu tafi, ba zai ƙara kwana a ramin nan ba. Mai Kare ta dube shi sau ɗaya, ta buɗe ɗakin ɗanta da ba ta taɓa ba kowa haya ba.

Washegari Baturen fata ya haɗa mu da likita. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ce babban tari ne, wanda suke kira tibi, ya ci huhu duka biyun. Ya ce yanzu akwai maganinsa, da an zo bara ko bara waccan da ba wani abu ba ne. Wannan karon na fassara wa Baba duka, ban rage ba. Baba ya ce a ba shi ɗansa ya kai shi gida. Likitan ya ce ba jirgin da zai ɗauke shi a haka, sai ya yi ƙarfi. Aka kwantar da shi a wani asibiti a bayan gari.

Yawon buɗe ido ya ƙare, muka koma hanya ɗaya, daga masauki zuwa asibiti. A nan ne na ga al'adarsu da ta fi kowace yi mini ciwo. Mu marar lafiya ba a barinsa shi kaɗai, ana kwana a kansa. Su kuwa awa guda suke ba ka da rana, in ta cika a kaɗa ƙararrawa a kore ku kamar an tashi makaranta. Ranar farko Inna ta ƙi tashi, sai da Habibu da kansa ya roƙe ta. Mai Kare ta sakar mata kicin. Ta samu garin shinkafa ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta tsira daga kwastan, gidan duka ya ɗauki ƙamshi, tsohuwar ta buɗe tagogi amma ba ta yi ƙorafi ba. Masu jinya suka hana a shiga da shi, daga baya babbarsu ta kawar da kai. Habibu ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, ya riƙe kwanon a kan ƙirjinsa yana shaƙar tururin.

Ya ɗan farfaɗo, har muka fara sa rai. Yakan tambaye ni mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi aure, wa ya rasu, ko rijiyar ƙofar gidanmu tana nan. Wata rana da su Baba suka riga ni fita ya riƙe hannuna ya ce, in ya koma Kano me zai yi. Na ce aikin akawu ya yi mini yawa, ga shi ya fi ni Turanci. Ya yi murmushi ya ce warin ƙirgi ne ba ya so tun yana yaro, amma zai koya.

Ranar wata Talata muka je a kan lokaci da kwanon tuwo, muka tarar an ja labule, gadon ba kowa. Babbar mai jinya ta kai mu wani ɗaki ta ce jini ya ɓalle masa da safe, ba su iya tsayar da shi ba. Inna ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali ta zauna kusa da shi. Baba ya yi ta maimaita innalillahi, sannan ya sa na tambaya ko akwai wanda yake kansa, ko an laƙƙana masa kalmar shahada. Ba su gane tambayar ba. Wani tsohon Bature da ke gado na kusa ya ce ya ji shi yana ta faɗar wata magana da yarensa, yana maimaitawa. Baba ya ce, "Allah ya sa ita ce."

A Kano wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Mu sai da muka kwana huɗu muna bin takardu, yana kwance a ɗakin sanyi. Ni da Baba muka yi masa wanka. Suka ce dole sai a akwati, muka sa shi da likkafaninsa a ciki. Wurin da aka keɓe wa Musulmi yana can nesa da gari, cikin itatuwa. Wani limami mutumin Indiya ya ja salla, bayansa ni da Baba, da wasu 'yan Somaliya biyu ma'aikatan jirgin ruwa da suke gidan da Habibu ya zauna, da wani ɗalibi Bazazzagi da ya ji labari. Mu ke nan. Masu haƙan kabarin Turawa suka cire huluna suka tsaya gefe cikin ruwan sama har muka gama. Baba ya ƙi barin su mayar da ƙasar, ya karɓi shebur. Da muka dawo muka tarar da Inna da Mai Kare zaune a kicin, ba mai jin yaren wata, tsohuwar tana riƙe da hannunta, shayi ya huce a gabansu.

Ranar tafiya, a filin jirgi, na miƙa wa akawun kamfanin jirgi takardunmu guda uku. Ya duba littafinsa ya ce ai mu huɗu ne, ina na huɗun, ya karanto sunan Habibu. Na ce kuskure ne. Baba ya tambaye ni me ake ciki, na gaya masa. Sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da tikiti na huɗu. Tun a Kano ya yanke shi, bai gaya wa kowa ba, ko Inna. Ya ce tun da takardun yaron suka gajarce ransa ya ba shi ba lafiya ba, ya yi niyyar ko ya gama ko bai gama ba da shi zai dawo. Yana ta jira ne Habibu ya faɗa da bakinsa, don kada ya kunyata shi.

Akawun yana jira, mutane sun yi layi a bayanmu. Baba ya mayar da tikitin aljihu ya ce, "Ce masa ya riga mu."

Na faɗa masa haka da Turanci. Ya ɗauka wani jirgin ya bi, ya ja layi a kan sunan, ya yi murmushi ya ce mu sauka lafiya.

Abin da na gani a Landan ke nan. Wanda ya karanta, ya yi wa Habibu addu'a, don inda yake kwance ba mai wucewa ya yi masa.